Zakaran Gida Biyar

Sanyin watan Tuba, tsakiyar hunturu, ba ya raga wa kowa a garinmu Kafar Gimmeza, amma a shekarar nan ba sanyi ne ya hana Atiyat sakat ba. Mota ce. Wata farar mota mai lasifika a ka, duk bayan kwana biyu ko uku sai ta shigo gari tana bin lungu-lungu a hankali, wani mutum a ciki yana nanata magana ɗaya: murar tsuntsaye ta shigo, duk mai kaza ko agwagwa ko tattabara a kan soro ya fito da su, ma'aikata za su kwashe. Wanda aka kama ya ɓoye, ya kuka da kansa.

Kajin Atiyat bakwai ne, kuma ba don kasuwa ta tara su ba. 'Yarta Shadiya, ita kaɗai Allah ya bar mata bayan rasuwar mai gida, ta zo goyon ciki da cikin fari wata takwas, mijinta Mitwalli yana can Iskandariyya wajen aikin gini. A garinmu in mace ta sauka, uwarta ke yanka mata kaza kullum har ranar suna, ta sha romo ta mai da jini. Kwana bakwai, kaji bakwai. Uwar da ta kasa wannan gara ta kulle ƙofa ta ce ba ta nan.

Tun suna 'yan tsaki take rainon su, kuma ta san yadda ake fitar da kaza daga hunturu. Ta toshe kafofin akurki da tsofaffin buhunan taki. Dusa ba ta ba su ita sai ta kwaɓa da ruwan ɗumi, ta barbaɗa ɗan barkono da dakakken ɓawon ƙwai. Ta ja waya daga ɗakinta ta rataya musu fitilar lantarki, don su ɗauka rana ba ta faɗi ba su ci gaba da saka. Kajin maƙwabta duk sun ɗauke ƙwai tun shigowar sanyi, ita kuwa kullum sai ta sauko da biyu ko uku a tafin hannu, da ɗuminsu, ta soya wa Shadiya. To waɗannan ne ake cewa ta miƙa wa wasu ƙarti su zuba a buhu.

Ranar gashin burodi matan lungun su biyar suka haɗu a bakin tanderun Hajja Inshirah, wadda ta girme su duka, kuma ba a taɓa jin ta yi magana ƙasa-ƙasa ba sai ranar.

"Su kwashe su kai ina? Gidan ubansu?" in ji ta. "Shekara sittin ina kwana da kaji a kaina, ko atishawa ban taɓa yi saboda su ba."

"An ce a ƙauyen gaba rami suka haƙa, suka zuba su da ransu," in ji Badriyya, wadda gidanta ke ƙarshen lungu, dab da ƙorama. "Har mai kwanci ba su bari ba."

"Kaza dai ba ta tona asiri," in ji Hajja. "Ki sauko da ita ƙasa, ki ba ta tsaki, ta yi shiru. Zakaru ne munafukai. Yau duk mai zakara ta yi miya da shi."

Atiyat ta ajiye faifan da ke hannunta. "Duka, Hajja? To in iska ta juya kaji suka nemi kwanci, a kan me za su kwanta? Kan albasa?"

Gaskiya ta faɗa. Ƙwan da zakara bai taka uwarsa ba sai dai soyi, kuma babu wadda ta san ranar da za a sake ganin ɗan tsako a kasuwa. Nan aka yanke shawara: za a bar zakara ɗaya tak, na Atiyat, wani dogo mai zanen baƙi da fari da jan zanko, wanda saboda taƙamarsa ake kiransa Umda, wato mai gari. Zai riƙa kwana bibbiyu a kowane gida, ya zagayo.

"Gida biyar, mata kusan arba'in, ga shi ba sadaki," in ji Badriyya. "Wallahi ya fi Umdan gaske morewa."

"Ke dai ki sallamo shi da ƙafafunsa," in ji Atiyat. "Na san kajin gidanki, kamar uwar gidansu suke."

Aka fashe da dariya. Sai Hajja Inshirah ta zaro burodi ɗaya daga tanderu, ta ce kowacce ta ɗora hannu. Suka ɗora, yana ƙona su. Suka karanta Fatiha a kan cewa babu wadda za ta buɗe baki, ko ga miji, ko ga ɗan sanda, ko ga likita. Wadda ta faɗa, Allah ya nuna mata a kan abin da ta fi so. Atiyat ta shafa tare da su, ko ɗar ba ta ji ba.

Mako uku aka yi a haka. Ta sauko da kajinta ɗakin tanderu da ke ƙarƙashin matakala, ta kare su da karan auduga. An ce zakaran da Allah ya nufa da cara sai ya yi, amma wanda ya faɗi haka bai san matan lungunmu ba: zakara in bai miƙe wuya ba ba ya cara, don haka tun kafin asuba ake kife Umda da gajeren kwando, a ɗora dutse, sai hantsi a buɗe shi. Ranar tashinsa kuwa a bahon wanki ake sa shi, a tula tsummoki a kai, mace ta ɗauka a ka ta fita kamar za ta ƙorama.

Dariyar ba ta daɗe ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk motar da ta tsaya a bakin lungu sai Atiyat ta leƙa ta kafar ƙofa. In kaza ta saka ƙwai ta fara kyarkyara, sai ta ruga ta ƙure rediyo. Ma'aikatan sun zo sau ɗaya, cikin fararen kaya har fuska, suka hau soro suka tarar an share an yayyafa ruwa. Ɗayansu ya tsaya a gindin matakala yana gyara takalmi, kamu biyu tsakaninsa da karan audugar nan. Bayan sun fita sai da Shadiya ta ba uwarta ruwa ta sha.

Ranar Asabar da la'asar Badriyya ta dawo da Umda. Ba ta shigo ba. A bakin ƙofa ta sauke bahon, ta ce ta bar tukunya a wuta, ta juya. Badriyya da ba ta wuce ƙofa ba tare da ta bar tsegumi ɗaya ba! Atiyat ta lura, amma ba ta kawo komai ba. Ta ga zakaran ya yi sanyi, bai bi kaji ba, ta ce a ranta gajiyar angonci ce.

Washegari Lahadi ta yi sammako ta shiga birni sayen kayan suna: kyandir, gyaɗa da alewar rabo, da sabuwar rariya da za a kwantar da jariri a ciki a jijjiga shi ranar bakwai. Ta daɗe tana zaɓe, har ta sa aka ɗaura wa rariyar jan ƙyalle a baki. Da azahar ta dawo. Tun daga zaure ƙamshi ya tare ta, ƙamshin miyar lalo da tafarnuwa da romon kaza.

Shadiya na zaune a kan 'yar kujera ta baje ƙafafu saboda ciki, akwai ɗan gashin kaza maƙale a hannun rigarta.

"Umma, kada ki yi faɗa," ta ce. "Umda ne. Na shiga ba su dusa na tarar ya kwanta, zankonsa ya yi baƙi, kansa ya kumbura, yana jan numfashi. Na ce kafin ki dawo ya zama mushe. Da ƙyar na riga shi."

Atiyat ta tsaya da rariya a hannu. Ita ta koya mata. Tun Shadiya na 'yar shekara tara take faɗa mata abin da ita ma uwarta ta faɗa mata: in kin ga kaza ta langaɓe, ki riga mutuwa da wuƙa, kada a yi asara biyu. Duk macen kirki a garinmu haka za ta yi.

"Ke kika fige?"

"To wa zai fige? Har hanjin na wanke."

"Kin wanke hannu?"

"Umma, sai ka ce yau na fara yanka kaza."

Atiyat ta rataye rariyar a ƙusa. Ta ɗauki tukunyar, ta ce gishiri ya yi yawa, ta kai bayan gida ta juye, ta tura ƙasa. Shadiya ta bi ta da kallo. A ranar, burodi da cuku suka ci.

Litinin lafiya lau. Atiyat ta wuni tana satar kallon 'yarta, in ta gifta sai ta taɓa mata goshi da sunan gyara ɗankwali, har Shadiya ta fara dariya. Da safiyar Talata dariya ta ƙare. Jikinta ya yi zafi rau, idanu sun kaɗa, tana cewa ƙasusuwanta kamar an daka.

Suka tafi ƙaramin asibitin da ke bakin gada. Likitar yarinya ce 'yar birni mai suna Dakta Nahid, ta rufe hanci da baki da ƙyalle. Ta auna zafin, ta saurari ƙirji, ta saurari ciki. Sannan ta ajiye alƙalami ta dubi Shadiya.

"Akwai tsuntsaye a gidanku? Kaji, agwagi, ko tattabaru? Kin taɓa wanda ba shi da lafiya a 'yan kwanakin nan?"

Atiyat ta ji tambayar har tafin ƙafarta. Cikin ƙiftawar ido abubuwa da yawa suka zo mata. Zafin burodin nan a hannu. Allah ya nuna mata a kan abin da ta fi so. Kaji bakwai a buhu. Sannan babban asibitin zazzaɓi na birni, inda ake cewa in an shiga da mutum ko uwarsa ba ta ganinsa sai ta gilashi. A can 'yarta za ta haihu, cikin baƙi masu rufaffiyar fuska, ba mai riƙe mata hannu? A kan zazzaɓin da wataƙila na Tuba ne kawai?

Shadiya ta buɗe baki. Atiyat ta ɗora ƙafarta a kan tata a ƙarƙashin tebur, ta danna.

"Wane kaji, likita?" ta ce. "Ai tun zuwan motar farko muka ba da su. Soronmu ko gashi babu, ma'aikatanku sun hau sun gani."

Likitar ba ta dube ta ba, Shadiya take kallo. "Haka ne?"

Shadiya ta sunkuyar da kai. "Haka ne."

"Ina tambaya ne don akwai magani," in ji Dakta Nahid a hankali. "Amma da wuri yake aiki. Kowace rana da ta wuce, ƙarfinsa raguwa yake. Ba ruwana da kajin kowa, Hajiya."

"Allah ya saka da alheri, 'yata. Sanyi ne ya kama ta, ta yi wanki da ruwan ƙorama."

Aka rubuta musu maganin zazzaɓi, aka ce in ya ƙi sauka su dawo. Suka kamo hanyar gida.

Laraba da safe Atiyat ta janye karan auduga don ta zuba dusa. Kaji biyu na kwance a miƙe, ƙafafu sun yi shuɗi. Ta uku na tsaye ido rufe, ruwa na zuba daga bakinta. Sauran huɗun sun takure a lungu, ko kallon dusar ba su yi ba. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, har ta rasa yadda ake ja da baya. Daga ɗaki tana jiyo tarin Shadiya, busasshe, ɗaya bayan ɗaya.

Ta zari mayafi ta nufi ƙarshen lungu. Ba ta yi sallama ba, ta wuce Badriyya a tsakar gida ta banke ƙofar ɗakin da ta san nan take ɓoye nata kajin. Wayam. An share, an zuba toka.

"Ina kajinki?"

"Ummu Shadiya, ki zauna mana..."

"Na ce ina kajinki!"

Badriyya ta fara murza bakin zane. "Sun mutu. Tun ranar Alhamis suka fara. Goma sha ɗaya, cikin kwana biyu. Na zuba su a ƙorama."

"Alhamis. Umda yana gidanki."

"Shi ai garau yake! Wallahi yana tsaye da ƙafafunsa na kawo miki shi. Na ce in na faɗa za ku ce ni na jawo, ku daina shiga gidana. Kuma ai mun yi rantsuwa ba za a faɗa wa kowa ba."

"Kowa, Badriyya? Har ni? Shadiya ce ta yanka shi. Ita ta fige. Tana can kwance."

Badriyya ta dafe kai da hannu biyu ta zauna a ƙasa. Atiyat ba ta tsaya jin kukanta ba. Ta fito da niyyar wucewa bakin gada kai tsaye, kuma da ta wuce ɗin, da labarin nan ya zama wani. Amma gidan Hajja Inshirah a kan hanya yake, ita kuwa tana zaune a dakali tana shan hantsi.

"Ina zuwa haka ba ko gaisuwa?"

Atiyat ta faɗa mata. Hajja ta kama hannunta ta zaunar da ita.

"Ki nutsu, Ummu Shadiya. Kaji na mutuwa duk hunturu tun kafin a haife ki. Mutum nawa kika binne saboda kaza? Mai ciki kuma dama ba ta rabuwa da laulayi. Ki dafa mata hulba da lemon tsami, ki lulluɓe ta ta yi gumi. In kin je kin faɗa, sun ɗauke ta kenan, su tsattsaga ta da allurai. Mu kuma su bi mu gida-gida. Marayun gidan can da ƙwai ake saya musu littafi, kin sani." Ta rage murya. "Kuma kin tuna abin da muka ɗora hannu a kai. Ba na so bakinki ya jawo wa yarinyar nan abin da ciwo bai jawo mata ba."

Wannan ta ƙarshen ita ta karya mata gwiwa. Tsoro biyu suka sa ta a tsakiya, ta rasa wanne ne zai cinye mata 'ya, faɗa ko shiru. Ta koma gida ta dafa hulba. Ta wuni a bakin gado tana matsa ƙyalle a ruwa tana ɗora mata a goshi, tana cewa gobe zai sauka. Da la'asar ta leƙa ɗakin tanderu, saura kaza biyu a tsaye.

Alhamis gari na wayewa ta ga leɓen Shadiya ya canja launi. Numfashi take ja da kafaɗu, gajere-gajere, in ta ce kalma ɗaya sai ta huta kafin ta biyu. Ta kama hannun uwarta ta ɗora a kan cikin.

"Umma... tun jiya... bai motsa sosai ba."

Atiyat ba ta san lokacin da ta fita lungu ba ɗankwali tana ƙwala wa mai a-daidaita kira ba.

Dakta Nahid na ganin su ta miƙe tsaye. Ta sa aka kwantar da Shadiya, ta saurari ƙirjin, ta daɗe tana saurare. Sannan ta sunkuya dab da ita.

"Shadiya, zan sake tambayarki. Kin taɓa kaza?"

Shadiya ta juyo da idanunta wajen uwarta. Ta tattara ɗan numfashin da ya rage mata.

"Ba mu... da kaji."

Abin da Atiyat ba za ta manta ba kenan har ta koma ga Allah. Yarinya na neman iskar da za ta shaƙa, amma ta kashe ta wajen rufa wa uwarta asiri.

"Ƙarya take yi, likita!" Muryarta ta cika ɗakin, har na waje suka leƙo. "Ni na sa ta. Zakara ta yanka ranar Lahadi, mara lafiya, ta fige shi da hannunta. Kajina bakwai suna ƙarƙashin matakala, biyar sun mutu. Ya zaga gida biyar a lungunmu, zan nuna muku su ɗaya bayan ɗaya. In rantsuwa ce ta ci ni, ni na yi ta, ba ita ba!"

Likitar ba ta yi mata faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta buɗe wani kabad ta ɗauko magani ta ba Shadiya nan take, ta ɗaga waya ta kira mota. Tana jiran a ɗauka ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Lahadi. Yau kwana huɗu." Maganin nan yana cikin kabad ɗin tun ranar Talata, taku uku daga kujerar da Atiyat ta zauna.

Ba a bar ta ta shiga motar ba. An ɗebi majinarta ita ma, aka ba ta nata ƙwayoyin, aka ce ta koma gida ta jira ma'aikata. Da azahar ta shige gabansu cikin lungu, tana nuna ƙofofi bi da bi yadda Umda ya bi su. Mata na tsaye a bakin ƙofa suna kallonta. Da aka fito da buhuna daga gidan Hajja Inshirah, tsohuwar ta tofar da yawu a gaban Atiyat ta ce, "Kin ci burodin, kin ci Fatiha." Atiyat ta wuce ta nuna ƙofa ta gaba.

Kwana goma sha tara Shadiya ta yi a babban asibiti. Kullum Atiyat na tsaye a bayan gilashi tare da Mitwalli, wanda ya baro aikinsa ya zo, suna kallon ƙirjinta na hawa da sauka da taimakon na'ura. Duk ma'aikaciyar da ta fito sai Atiyat ta bi ta da ido har ta wuce. A rana ta uku aka fito aka kira Mitwalli gefe. Jaririn namiji ne, an ciro shi ba rai. Shi kaɗai ya kai shi maƙabarta, a naɗe cikin tawul.

Shadiya ta rayu. Ranar da aka sallamo ta sanyi ya fara sassautawa, lokacin da a kowace shekara kaji ke neman kwanci. Lungun shiru, babu cara babu kyarkyara, kuma babu maƙwabciyar da ta shigo sannu. Atiyat ta dafa miyar wake, don ita ke akwai. Ta gyara gado, ta share ɗaki sau biyu, ta kawar da kyandir da alewa da 'yan rigunan da ta ɗinka. Abu ɗaya ta manta, don ido ya saba da shi.

Shadiya ta shigo a hankali tana dafa bango, rigarta ta yi mata yawa. Ta zauna a bakin gado. Idonta ya sauka a kan rariyar da ke rataye a ƙusa, da jan ƙyallenta. Ta daɗe tana kallo. Atiyat ta taso da sauri za ta sauke.

"Bar ta," in ji Shadiya.

Atiyat ta tsaya da kwanon miya a hannu ɗaya.

"Likitar can ta ce da ranar farko aka ba ni maganin, wataƙila da..." Ba ta ƙarasa ba. Muryarta ba ta da faɗa a ciki, ba ta da kuka, irin muryar da take tambayar ko a ƙara gishiri ce. "Na buɗe baki zan faɗa, Umma. Me ya sa kika taka min ƙafa?"